Bauhaus da kiɗan goth: amsoshin tambayoyin da aka fi yi min

Duk wanda ya shiga motata ya tarar ina jin Bauhaus sai ya yi tambaya, wani ma kafin mu gaisa. Akwai abokina da na ɗauko daga tasha da daddare, muna tafiya waƙar ta yi wajen minti biyu ba a ce uffan ba, sai ƙas ƙas ƙas da wani ƙugi kamar ana jan ƙofar ƙarfe, ya juyo ya ce "malam rediyon nan naka ya lalace ne ko aljanu ne a ciki?" To tambayoyin dai kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, shi ya sa na tara su wuri guda, wanda ya sake tambaya sai in turo shi nan.

Su waye Bauhaus ɗin ma tukunna?

Wasu samari ne su huɗu 'yan garin Northampton a Ingila da suka haɗu a ƙarshen 1978. Peter Murphy shi ne mai waƙa, Daniel Ash mai jita, David J mai jitar bas, sai Kevin Haskins mai ganga. David J da Kevin wa da ƙani ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi kuma Ash abokin Murphy ne tun suna makaranta. Murphy a lokacin aiki yake a wata maɗaba'a, bai taɓa waƙa a gaban jama'a ba, Ash ne ya lallaɓo shi, kuma babban dalilin shi ne ya ga yana da siffar da ta dace da dandamali, dogon wuya, ƙasusuwan kumatu a fili, ido kamar na wanda bai yi barci ba kwana uku.

Ba su daɗe ba fa. Daga 1978 zuwa 1983 ne, shekara biyar ma ba ta cika ba suka watse. Albam huɗu suka fitar a wannan tsakanin, In the Flat Field a 1980, Mask a 1981, The Sky's Gone Out a 1982, sai Burning from the Inside a 1983.

Sunan nan ai kamar na Jamusanci, su Jamusawa ne?

A'a, Turawan Ingila ne. Aro suka yi daga wata makarantar zane da gine-gine ta Jamus da Walter Gropius ya kafa a Weimar a 1919, wadda aka rufe a 1933 saboda matsin 'yan Nazi. Da farko ma sunansu Bauhaus 1919, daga baya suka yar da lambar. Wannan fuskar da ake gani a jikin rigunan masoyansu, farin zane a kan baƙi cikin da'ira, ita ma tambarin makarantar ce, Oskar Schlemmer ya zana. Abin dariyar shi ne makarantar ta yi suna wajen gini mai sauƙi mara ado ko kaɗan, shi kuwa ginin gothic ado ne har ya yi yawa, sai ga masu sunan Bauhaus an wayi gari su ake kira iyayen goth.

To mene ne goth ɗin? Kiɗa ne ko sutura ko ƙungiya?

Kalmar tsohuwa ce. Goth wata ƙabila ce ta Turai, su suka afka wa birnin Rum a shekara ta 410. Bayan ƙarnuka aka laƙa sunan ga irin manyan cocin nan masu tsini da dogayen tagogi, kuma tun asali zagi ne, wato ginin ƙauyawa. Daga nan ta koma kan littattafan ban tsoro na tsofaffin gidaje da makabarta, irin su Dracula na Bram Stoker da ya fito a 1897. Da guguwar punk, wato wani kiɗan jita mai gudu da hayaniya na matasa masu bore, ta lafa a Ingila wajen 1978 sai wasu matasa suka riƙe rashin kunyar punk amma suka rage gudu, suka ƙara duhu, 'yan jarida suka fara ce wa kiɗan gothic. Joy Division da Siouxsie and the Banshees duk an siffanta su da haka a lokacin.

Sutura daga baya ta biyo, musamman da aka buɗe wani kulob a unguwar Soho ta Landan mai suna Batcave a 1982. Baƙaƙen kaya, gashi a tsaye, fuska fara fat da hoda, ido rangaɗau da kwalli maza da mata. Kwallin nan a wurinsu abin tayar da hankalin iyaye ne, mu kuwa kakanninmu maza ba sa fita sallar Juma'a ba su sa ba. Babu shugaba, babu rajista, babu rantsuwa, duba amsar da na bayar kan tsafi a ƙasa.

Wace waƙa ce ta fito da su, kuma me ya sa ake ta zuzuta ta?

Sunanta Bela Lugosi's Dead. Sun ɗauke ta ne a watan Janairu 1979 a wani ɗan sutudiyo mai suna Beck a garin Wellingborough, sati shida kacal da haɗuwarsu, kuma shiga ɗaya suka yi, ba a sake ba, ba a yi faci ba. Ta haura minti tara. Manyan kamfanoni ba su so ta ba don wa zai sa waƙar minti tara a rediyo, ƙarshe wani ƙaramin kamfani Small Wonder ne ya fitar da ita a Agusta 1979, sai John Peel na BBC ya riƙa sa ta a shirinsa na dare, daga nan ta kama.

Idan za ka ji ta, ka ji da dare, da abin kunne, kar ka ji ta a sifikar waya cikin hayaniyar kasuwa. Da farko Kevin ne yake ƙwanƙwasa bakin ganga, wani salo ne na bossa nova ta Brazil da ya koya, sai a sa wa ƙwanƙwasar amsa-kuwwa tana ta komawa tana dawowa. Bas ɗin David J sauti uku ne kawai yake saukowa a hankali kamar mai sauka daga bene cikin duhu yana laluben matakala. Ash kuma ba kaɗa jitar yake ba a yadda aka saba, goge ta yake, yana karce ta, tana kuka kamar ƙyauren da bai ga mai ba. Sai an kusa minti uku sannan Murphy zai buɗe baki da wata murya daga can ƙasan ƙirji. Ni dai ranar da na fara jin ta an ɗauke wuta, ina kwance a tsakar gida kan tabarma, jemagu na ta shawagi wajen bishiyar mangwaron maƙwabta, sai da na tashi zaune na waiga bayana wallahi.

Abin da nake ganin mutane suna kuskurewa shi ne ba ƙara ce ta sa take tsorata mutum ba, sararin da suka bari ne. Rabin waƙar babu komai a cikinta, kunnenka ne yake cike gurbin da abin da yake tsoro. Daga ina suka samo wannan dabarar, ga amsa a tambayar rege.

Shi Bela Lugosi ɗin waye?

Ɗan fim ne ɗan asalin Hungary da ya fito a matsayin Dracula a fim ɗin 1931, shi ya kafa siffar mai shan jini da duniya ta sani, baƙar alkyabba, gashi a kwance, magana a ja. Rawar ta manne masa har ya rasa wasu manyan ayyuka, ya ƙare cikin talauci da fama da ƙwaya, ya mutu a Los Angeles a 1956, kuma da alkyabbar Dracula aka binne shi. David J ne ya rubuta baitukan, kuma akwai zolaya a ciki, irin ta yaran da suka girma suna kallon tsofaffin finafinan ban tsoro a talabijin da tsakar dare. Masu sauraro ne suka ɗauke ta da gaske fiye da masu ita.

Wai da gaske akwai rege a cikin kiɗansu? Ni ban ji ba.

Ba za ka ji irin ta Bob Marley ko Lucky Dube ba, wani reshe ne na rege da ake kira dub, aikin su King Tubby da Lee Perry a Jamaika. A dub mai haɗa sauti yakan ɗauki waƙa ya cire murya, ya cire jita, ya bar ganga da bas tsirara, sannan ya jefa amsa-kuwwa nan da can. A Ingila ta shekarun 1970 akwai 'yan asalin Jamaika da yawa, manyan sifikunsu na tashi a unguwanni, yaran Turawa masu punk suna zuwa suna ji. David J da Kevin sun sha wannan ruwan sosai, su kansu sun sha faɗa.

Idan kana so ka kama abin da kunnenka, je ka ƙarshen She's in Parties ta 1983, daga inda muryar ta tsaya aka bar bas da ganga suna tafiya, nan dub ne tsantsa ba ɓoye-ɓoye. Bayan ka ji wannan ka koma Bela Lugosi's Dead, za ka yi mamakin yadda ba ka lura ba tun farko. Yawancin waɗanda suka kwaikwayi Bauhaus daga baya sun ɗauki baƙar rigar da muryar kabari, sun bar wannan, shi ya sa kiɗansu yake fitowa da nauyi kamar tuwon da ya kwana.

Ba 'yan tsafi ba ne? Na ga hotunan jemage da akwatin gawa.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce yawa, wasu ma kai tsaye suke cewa ai 'yan Illuminati ne. Jemage da akwatin gawa kayan wasan kwaikwayo ne da aka kwaso daga finafinan ban tsoro, kamar yadda ɗan wasa zai fito a boka a fim ya cire layu ya tafi gida cin abinci. Murphy gidan Katolika ya tashi, shi ya sa za ka ji kalmomin coci har da Latin a waƙa irin Stigmata Martyr, yaro ne yake kokawa da addinin da aka raine shi a kai, ba kiran shaiɗan ba.

Abin da zai ba ka mamaki, mutumin da ake kira uban goth ya auri 'yar Turkiyya, ya koma can da zama tun farkon shekarun 1990, ya musulunta, kuma ya karkata ga sufanci. A 2002 ya fitar da albam mai suna Dust tare da Mercan Dede, makaɗin Turkiyya da ya yi suna wajen busa sarewar sufaye. Ban ce ya zama waliyyi ba fa, mutum ne mai nasa matsalolin kamar kowa. Batun hukuncin jin kiɗa kuma wannan fagen malamai ne, ba nawa ba, ni dai abin da aka tambaye ni na amsa.

Goth da metal ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, baƙar riga ce kawai ta haɗa su. Metal jita ce a gaba, da kauri da ƙara, mai jitar yana nuna gwaninta. A goth irin na Bauhaus bas ne yake jan ragama, jita tana gefe tana shafa launi. Kakannin ma daban, metal daga su Black Sabbath, Bauhaus kuwa daga David Bowie da T. Rex da Iggy Pop da punk da dub. Akwai gothic metal da aka haɗa auren daga baya a shekarun 1990, wannan wani gida ne.

Me ya sa waƙarsu da ta fi kasuwa ba tasu ba ce?

Haka ne, Ziggy Stardust ta David Bowie da suka maimaita a 1982 ita ta kai lamba 15 a jadawalin Birtaniya, babu tasu da ta kai nan. 'Yan jaridar kiɗa na Landan sun daɗe suna musu ba'a cewa kwaikwayon Bowie kawai suke, albam ɗinsu na farko ma yaga-yaga aka yi masa a jaridu duk da ya hau saman jadawalin ƙananan kamfanoni. Sai suka ce to tunda haka kuka ce ga ta nan gaba ɗaya, suka yi ta kusan sak. Tsokanar ta zama riba, The Sky's Gone Out ya shiga cikin biyar na sama.

A wannan lokacin ne kuma suka fito a farkon fim ɗin The Hunger na Tony Scott, 1983, wanda Bowie da kansa yake ciki tare da Catherine Deneuve. Murphy ne a bayan wata ragar ƙarfe yana rera Bela Lugosi's Dead. Kyamara kusan shi kaɗai ta bi, sauran ukun da ƙyar ake hango su, kuma wannan bai yi musu daɗi ba.

Me ya raba su tun suna kan ganiya?

Abubuwa ne suka taru. Murphy ya fara fin ƙungiyar suna, ga fim, ga tallan kaset ɗin Maxell da ya yi a talabijin yana zaune a kujera iskar sifika na kaɗa shi, duk inda aka je shi ake nunawa. Sai kuma ya kwanta ciwon nimoniya daidai lokacin da za a shiga sutudiyo don Burning from the Inside, su Ash ba su jira shi ba, suka ci gaba, Ash da David J har suka rera wasu waƙoƙin da kansu. Ka yi tunanin ka tashi daga jinya ka tarar an kusa gama aikin da kai ne fuskarsa. Wasansu na ƙarshe a Hammersmith Palais ne a Landan, Yuli 1983, albam ɗin ma bayan sun watse ya fito.

Ni a ganina ko ba ciwon za su rabu. Saurari albam ɗin da kyau za ka ji mutum uku suna jan akalar zuwa wani wuri mai haske, ɗaya kuma yana nan inda yake.

Bayan rabuwar ina kowa ya nufa?

Ash da Kevin suka yi Tones on Tail tare da Glenn Campling, sannan a 1985 David J ya dawo suka zama Love and Rockets, wato Bauhaus ba Murphy. Kuma su suka fi samun kuɗi a Amurka, waƙarsu So Alive ta kai lamba 3 a can a 1989, abin da Bauhaus ba ta taɓa mafarki ba. Murphy ya fara da Dalis Car shi da Mick Karn na ƙungiyar Japan, albam ɗaya suka yi a 1984, sannan ya kama gabansa shi kaɗai, Cuts You Up daga albam ɗin Deep ta yi tashe sosai a gidajen rediyon Amurka a 1990. Yaran da suka kalli finafinan Twilight ma sun gan shi ba su sani ba, ya ɗan leƙo a Eclipse na 2010, a matsayin mai shan jini mana, me kuke tsammani.

Sun sake haɗuwa?

Sau da yawa, kuma kowane karo sai an rabu ana hararar juna. Sun yi rangadi a 1998. A 2005 suka fito a bikin Coachella na California inda aka sauko da Murphy daga sama ƙafa a sama kai a ƙasa kamar jemage, a haka ya rera waƙar minti taran nan, yana dab da shekara hamsin. A 2006 suka zaga da Nine Inch Nails, suka kuma ɗauki albam na biyar, Go Away White, wanda ya fito a 2008 bayan sun riga sun sake ɓatawa, ko rangadinsa ba su yi ba. Sun dawo a 2019 a Los Angeles, a 2022 suka saki sabuwar waƙa ɗaya, Drink the New Wine.

Wane gado suka bari in ban da baƙaƙen kaya?

Na farko kamfanin 4AD. In the Flat Field shi ne cikakken albam na farko da kamfanin ya fitar, kuma kuɗin da ya kawo ya taimaka masa ya tsaya da ƙafarsa, daga baya shi ya fito da Cocteau Twins da Dead Can Dance da Pixies. Na biyu makaɗan da suka biyo baya, Trent Reznor na Nine Inch Nails bai ɓoye bashin da Bauhaus ke binsa ba, Massive Attack kuma, waɗanda su ma 'ya'yan dub ne, sun riƙa kaɗa Bela Lugosi's Dead a rangadinsu na 2019. Yau akwai She Past Away da ke waƙa da Turkanci, akwai Molchat Doma 'yan Belarus da waƙarsu ta cika TikTok a 2020, yaran da ke rawa da ita yawancinsu ba su san tushen ba.

Sai jama'ar kansu. Leipzig ta Jamus tana karɓar bikin Wave-Gotik-Treffen tun 1992, garin Whitby na bakin teku a Ingila, inda jirgin ruwan Dracula ya tsaya a littafin, yana nasa tun 1994, za ka ga kaka da jika duk cikin baƙi suna shan shayi. Amma abin ba wasa ba ne kullum. A 2007 wasu matasa suka yi wa wata budurwa da saurayinta dukan kawo wuƙa a wani lambu a Lancashire don kawai shigarsu ta goth, ita ta rasu. Sanadin fafutukar mahaifiyarta, a 2013 'yan sandan yankin Manchester suka fara lissafa irin wannan harin cikin laifukan ƙiyayya.

Su kansu sun yarda su goth ne?

Ba su so ba, musamman Ash da ke cewa su 'yan zane ne masu kiɗa. Ba su kaɗai ba, Andrew Eldritch na The Sisters of Mercy har fushi yake in an ce masa goth, Robert Smith na The Cure ma ya sha musantawa. Kuma suna da hujja, Kick in the Eye kiɗan rawa ne, Telegram Sam ta T. Rex ce, All We Ever Wanted Was Everything kuwa jita ce mai sanyi da kewar ƙuruciya a garin masana'antu. Amma in ka fara fitowa duniya da waƙar mai shan jini, sannan bayan shekara 26 ka rataye kanka kamar jemage a gaban dubban mutane, to ka daina ƙorafi kan sunan da aka sa maka.

Daga ina zan fara saurare?

Kar ka fara da In the Flat Field, zai kore ka, ihu da karce sun yi yawa ga sabon kunne. Fara da She's in Parties, sai All We Ever Wanted Was Everything, sai The Passion of Lovers, in waɗannan sun zauna sai ka ɗauki Mask gaba ɗayansa don shi ya fi sauƙin shiga. Bela Lugosi's Dead ka ajiye ta sai dare kamar yadda na faɗa a sama, kuma ka nemi ta asali ta 1979, an sake fitar da ita a 2018 cikin The Bela Session, don akwai ta wasan dandamali da yawa da ke yawo a YouTube da sunan ita ce. Dark Entries kuma sai ranar da kake tuƙi kai kaɗai a titi mara rami, ka dai riƙa duba gudunka.